Saƙon da Goggo Kulu ta ba ni ta bayan ƙofa

Shekara biyar ke nan da rasuwar Goggo Kulu, yayar mahaifina. Ta cika a goman ƙarshe na azumi, a shekarar da aka rufe makarantu da iyakokin jihohi saboda korona. Idan ka tambayi mutanen gidanmu a Tambuwal abin da ya yi ajalinta, za su ce maka zazzaɓi ne da tsufa, sai kuma kwana da ya ƙare. Kwana kam ya ƙare, wannan babu musu. Sauran kuwa magana ce da muka shirya a tsakaninmu, muka yi ta maimaitawa har ta zauna a bakinmu.

Kafin ta cika ta ba ni saƙo in kai wa mutanen wata ruga da ke bayan Kebbe. Gajeren saƙo ne, numfashi ɗaya ya ishe shi. Na riƙe shi shekara biyar ban kai ba. Sai bana na isar, kuma abin da aka mayar mini shi ya sa nake wannan rubutu.

Gidanmu gidan malamai ne. Mahaifina shi ke limanci a unguwarmu, maza suna ɗaukar karatu a zaure. Goggo Kulu kuwa, tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, ɗakinta ya zama makarantar mata. Bayan azahar za ka ga takalma jere a bakin ƙofarta, ranar kasuwa kuma har da ƙoren nono a rufe da faya-fayai, domin Fulani masu tallar nono sukan biyo su zauna kafin su kama hanya. Akwai tsofaffi a cikinsu da sai a gabanta suka gyara Fatiharsu, da furfura a kansu. Ba ta taɓa yi wa ɗayarsu dariya ba. Inda Hausa ta gaza sai ta juya Fillanci, nata mai ɗan gargada, su yi ta ƙyalƙyata mata, ita ma ta taya su.

Abin da aka fi saninta da shi shi ne tofi. Za ta karanta abin da ya sawwaƙa, ta hura a hankali a kan mara lafiya, ko a tafin hannunsa, ko a ruwan da zai sha. Kullum akwai kanumfari a gefen bakinta, saboda haka ina ƙarama na ɗauka addu'a ce ke da wannan ƙanshi. Idan zazzaɓi ya kwantar da ni, ba maganin nake jira ba, wannan iska mai sanyi nake jira ta sauka a goshina.

Ba ta taɓa kiran sunana ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Inna take ce mini. Mace mai shekara hamsin da ɗoriya tana kiran jaririya Inna, ta ci gaba da kira har jaririyar ta shiga jami'a.

Daga jami'ar aka sallamo mu a wannan shekara. Na dawo daga Sakkwato da akwatin littattafai, da waya cike da labarin annoba, da takunkumi guda biyu a jakata. A gari kuwa ana cewa cutar masu hawa jirgi ce, zafin bazararmu kaɗai ya isa ya ƙone ta. Rediyo na ta faɗin a wanke hannu da sabulu a ruwa mai gudu, da Hausar Kano mai santsi. Ni dai ban taɓa jin an faɗe shi da Fillanci ba, kuma ban san inda mai sanarwar yake zaton matar ruga za ta samo ruwa mai gudu a ƙarshen rani ba.

An tare manyan hanyoyi, amma cutar ba babbar hanya take bi ba. 'Yan ci-rani sun yi ta dawowa ta burtali da hanyoyin daji a kan babura. Sannan ga ta'aziyya. Tsofaffi sun fara faɗuwa a birni ɗaya bayan ɗaya, kowace rasuwa kuma tana tara mutanen ƙauyuka goma a ɗaki guda, a zauna kwana uku gwiwa da gwiwa, a yi musafaha, a tashi kowa ya koma gida da abin da ya ɗauko. Duk abin da muke tinƙaho da shi na zumunci, ta nan ta bi. Goggo ta je Sakkwato gaisuwar wata tsohuwar ƙawarta da suka yi karatu tare. Ta yi kwana ukun ta dawo.

Bayan 'yan kwanaki, muna haɗa miyar shan ruwa a tsakar gida, ta ɗauki daddawa ta kai hanci, ta sake kaiwa.

"Inna, wa ya sawo daddawar ga? Ba ta da rai ko kaɗan."

Ta ƙara ɗaya, ta ƙara wata, har warinta ya cika gidan. Mahaifiyata ta ɗanɗana miyar ta yamutse fuska, ta ce Yaya yau kam maƙwabta ma sun sha miyarmu ta hanci. Goggo ta kwance bakin zanenta ta fito da kanumfari ta shinshina, ta ce har kanumfarin bana ya lalace, 'yan kasuwa ba su da tsoron Allah. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi. A wayar da ke hannuna a lokacin akwai bayanin da na karanta ba sau ɗaya ba, cewa ɗaukewar jin ƙanshi na daga cikin alamomin cutar. Tana kuma ɗan tari busasshe, ta ce ƙishin azumi ne.

Washegari da safe wani Bafulatani mai suna Buba ya yi sallama. Surukarsa ce ta aiko shi, tsohuwa Nenne, wadda ta fi kowa daɗewa a cikin ɗaliban Goggo na ruga. 'Yarta Dudu, matar Buba, ta yi ɓari sau biyu. Yanzu ciki na uku ya tsufa, ta koma gaban uwarta goyon ciki, ƙafafunta sun kumbura. Nenne na roƙon Malama ta zo ta yi mata tofi.

Na same ta a ɗaki tana naɗe sallayarta.

"Goggo, ko a bari sai bayan Salla?"

"Cikin zai jira Salla? Ɗiyar mutane ta zubar da biyu, Inna. Uwarta ba ta taɓa roƙona komi ba sai yau."

Na ciro takunkumi ɗaya na miƙa mata. Ta juya shi gaba da baya kamar mai duba ɗinki.

"Ni da nika zuwa tofi za ki ɗaure man baki? To da mi zan yi shi, da kunne?"

Ta yi dariya har tarin ya kama ta. Na karɓi abina na mayar jaka. Jimla ɗaya ce ta rage in faɗa: Goggo, ƙanshin da ya ɗauke miki alamar cutar nan ce, kada ki je. Ban faɗa ba.

Na yi shekaru ina ce wa kaina kunya ce ta hana ni. Yaya yarinya za ta dubi malamarta ta ce mata numfashinki na iya cutarwa? Akwai kunyar, ban musa ba. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinta da ya fi ta muni. Na ɗauka ba za ta gane ba. Na ɗauka wannan ilimi ne namu na 'yan boko, idan na kawo shi gabanta za ta ture shi da tawakkali, in ji kunya a banza. Na yanke mata hukunci ba tare da na ba ta damar ji ba. Sannan akwai tsoro irin na yara, cewa idan ban ambaci abin ba wataƙila ba zai tabbata ba.

Na bi ta don in riƙe mata jaka. Mota ta kai mu Kebbe, daga nan babura biyu suka ɗauke mu. Ina iya tuna hanyar kamar jiya na bi ta. Gonaki an share su suna jiran ruwa, sabara ta yi fari, shanu sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Hadari ya taru a gabas, baƙi mai kyau, ya tsaya yana kallonmu bai zubo ba. A wani wuri sabis ya ɗauke daga wayata, na ji kamar mun fita daga duniyar da ake mutuwa mun shiga wata mai tsabta. Haka na ji, wallahi. Ban kawo a raina cewa duniyar da nake gudu tana zaune a babur ɗin gabana, lulluɓe da farin mayafi ba.

Bukkoki ne da ba su fi bakwai ba a gindin wata tsamiya. Nenne ta fito da gudu irin na tsofaffi, ta rungume Goggo, suna ta gaisuwa da Fillanci wadda ba ta ƙarewa. Suka shiga bukkar da Dudu take kwance. Labari ya zaga cewa Malama ta zo, sai duk wani tsoho da ke rugar ya taho da nasa ciwon, mai gwiwa da mai ido da mai hawan jini. Har Arɗonsu, shugaban rugar, ya tsuguna a bakin bukkar ya cire malafa ya miƙa kansa. Goggo ba ta mayar da kowa ba. Tana karatu, tari ya katse ta, ta goge baki da mayafi, ta ɗora daga inda ta tsaya. Ta fi awa biyu a ciki.

Ni ina ina? Ina gindin tsamiya. Na ce musu zafin bukka ne ba na iyawa. Ilimin da na kasa buɗe baki in ba kowa, na yi amfani da shi na kare kaina.

Kwana huɗu da dawowarmu Goggo ta kasa tashi. A ranar bakina ya buɗe, a lokacin da ba shi da sauran amfani. Na gaya wa mahaifina abin da nake zato. Na zama mai doka a gidan, na ja ƙofar ɗakinta, na hana kowa shiga. Abinci da ruwa da magani a bakin ƙofa nake ajiyewa in ja da baya. Na kira lambar da ake ta sanarwa, aka ce in jira za a zo. Muna nan muna jira har yau.

A rana ta biyu da rufe ta, bayan la'asar, na ajiye mata kunu, sai na ji muryarta ta bayan ƙofa.

"Inna, mi na yi muku kunka guje ni?"

Na zauna a ƙasa na jingina da bango, na yi mata bayani duka, yadda cutar take bin numfashi, yadda ta fi kayar da tsofaffi, da maganar ƙanshi. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta yi tambaya ɗaya.

"Tun yaushe kika san wanga?"

"Tun ranar daddawa, Goggo."

Na ji ta matso kusa da ƙofar.

"Ni na karantar da ku a ɗakin ga cewa mai cuta mai yaɗo ba ya shiga cikin masu lafiya. Addini ya faɗe shi tun ba a haifi likitocinku ba. Da kin ce man ita ce, ko ƙofar gida ba ni kaiwa." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Na hure su duka, Inna. Har Arɗo."

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ce in yi ƙoƙari in aika a raba tsofaffin da sauran jama'a. Sannan ta ba ni saƙon.

"In na tafi, ki je rugar Nenne da ƙafarki. Ki ce ni na kai musu, ban sani ba. Su yafe man. Ba ni son in tashi gaban Allah da haƙƙin mutanen ga."

Na ce to.

Wayar Buba ba ta shiga sai ranar da ya fito kasuwar Kebbe. Na yi ta kira. Ranar da ta shiga, kafin in ce komai ya riga ni, ya ce Nenne na kwance, Arɗo ma haka, zazzaɓi da tari. Na ce Allah ya sawwaƙe, a gaishe su. Iyakar abin da na ce ke nan.

Goggo ta cika da hantsi. Na kawo mata ruwan ɗumi, na ji numfashinta yana fita da ƙyar kamar ana jan guga mai nauyi. Ta kira ni.

"Inna, ba ki shigowa?"

Hannuna yana kan ƙofar. Na ce, "Ina nan, Goggo." Ban tura ba. Matar da ta yi shekara hamsin tana ɗora hannu a goshin duk wanda ya kwanta, babu hannu ko ɗaya a nata. Da shirun ya yi yawa mahaifina ne ya zo ya ture ni ya shiga.

Abin da ya biyo baya har yau idan na tuna sai in ji ɗaci a harshena. Mata suka shiga suka yi mata wanka kamar yadda aka saba. Gari ya taru. Zaure ya cika ya batse har kwana uku, daga Jabo, daga Sanyinna, daga ko'ina. Duk hannuwan da na hana ta tana da rai sun taɓa ta da ba ta da shi. Mahaifina ya kira ni gefe ya ce kada ya ji sunan cutar nan a gidansa. Yana tsoron a ƙaurace wa gidan, ɗalibai su watse, a riƙa nuna kabarin yayarsa ana cewa ga wadda ta kai wa Fulani annoba. Da na ambaci saƙon sai ya ce Allah ya san ba da gangan ta yi ba, wannan ya wadatar. Ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Na karɓi hukuncinsa da sauri, domin mayafin da ya rufa wa sunanta har ni ya rufe.

Nenne ta rasu bayan Salla da 'yan kwanaki. Arɗo ya bi ta, sai wasu tsofaffi biyu. Ba a yi wa ko ɗayansu gwaji ba, kamar yadda ba a yi wa Goggo ba. Ba ni da takardar da zan nuna muku. A duk lissafin da aka riƙa karantawa a rediyo kowace safiya, babu su a ciki. Sun mutu a wajen lissafi, kamar yadda suka rayu.

Da ruwan farko ya sauka Dudu ta haihu lafiya, mace. Aka sa mata Hauwa'u, ana kiranta Kulu. Tun daga shekarar da ta biyo baya, bayan kowace ƙaramar Salla, Dudu takan zo Tambuwal da 'yar ƙwarya ta man shanu, ta ce na gidan Malama ne. Ni nake karɓa. In yi godiya, in tambayi shanu da jama'a, in raka ta bakin zaure, saƙon yana nan ban isar ba. Man kuwa ban taɓa ci ba. Maƙwabta nake rarraba wa.

Nakan tambayi kaina me Goggo za ta ce da ta ga yau. Bokitan wanke hannu da aka jera a ƙofar ma'aikatu, yanzu zoɓo ake sayarwa a irinsu. Korona ta zama abin barkwanci. A makarantar da nake koyarwa wata abokiyar aikina ta taɓa cewa a gaban kowa, "Don Allah wa kuka sani da ta kashe? Ku faɗi mutum ɗaya." Ina da biyar a bakina, na ci gaba da duba littattafan yara. Hanyar rugar tana nan yadda muka bar ta, sai ma wata fargaba ta daban, ta 'yan bindiga, da ta ƙaru a kanta. Idan wata annobar ta zo gobe, ta burtalin nan za ta bi, ta tarar da bukkokin nan babu wanda ya riga ta zuwa da gargaɗi a harshen da suke ji. Ina da haushin wannan, haushi mai yawa, kuma na iya tsara shi da kalmomi masu kyau. Amma na san Goggo. Za ta bar ni in gama jawabina a kan hukuma da rediyo da hanya, ta gyara kanumfarinta, ta ce, "Na ji. Kin kai saƙon?"

Bana Dudu ta zo da yarinyar, karo na farko. Siririya ce mai manyan idanu, an yi mata kitso da 'yan wuri. Uwar ta kai ta bakin ɗakin Goggo, wanda ni nake kwana a ciki yanzu, ta ce ta ga ɗakin mai sunanta. Sannan ta juyo gare ni.

"Ke ke da allonta yanzu. Ki yi wa Goggon taki ƙarama tofi, tana yawan firgita."

Ta turo yarinyar gabana. Na duƙa, na buɗe baki, sai na ga ba zan iya hura iska a fuskar ɗiyar nan ba. Na miƙe. A bakin ƙofar nan da aka ba ni saƙon, a nan na sauke shi. Na gaya mata duka, daddawa da takunkumi da gindin tsamiya. Na faɗi kalmomin Goggo yadda ta faɗe su, ban ƙara ba ban rage ba.

Dudu ba ta firgita ba. Ta zauna a kan turmi ta gyara zanenta.

"Ai mun sani."

Na ce ta yaya suka sani.

"Kurame kika ɗauke mu? Cikin bukka ɗaya munka zauna, mun ji tarin. Da kunka tafi Nenne ta ce man, Malama ba ta da lafiya amma ta zo. Da tsofaffi sunka fara kwantawa da irin tarin, wa zai kasa ganewa? Mu da ke kiwo. In saniya ɗaya ta shigo garke da ciwo, mun san ta inda ya biyo."

Na ce to me ya sa take kawo man shanu duk shekara.

"Don ta zo. Shekarar nan duka, ban da ita wa ya tako rugarmu? Babu mai allura, babu mai magani, babu mai cewa ku yi kaza ku bar kaza. Ita ɗai ta zo, da azumi a bakinta, don cikin ɗiyar wani. Nenne ta yafe mata tun tana iya magana. Ta ce in an je Tambuwal a faɗa wa Malama kar ta sa komi a ranta. Da na zo na iske ta riga ta tafi, ku kuma kuna ta faɗin zazzaɓi na, zazzaɓi na. Sai na kama bakina. Na ce kar in ɓata muku abin da kunka rufe."

Ashe saƙo biyu ne suka yi shekara biyar suna haɗuwa a bakin zaurenmu, suna gaisawa suna rabuwa.

Na fara kuka. Ba ta lallashe ni ba. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta yi tambayar da har yanzu take bina.

"Nenne kanta bisa cinyata ta cika. Malama fa, bisa cinyar wa?"

Ta dubi ƙofar, ta dube ni, ta gane.

"Ta roƙi gafara, kin bar ta tana jira shekara biyar." Ta girgiza kai. "Malama mun yafe mata, duniya da lahira, ki shaida. Ke kuwa, ban fito gida da shirin wagga magana ba. Ni na ɗauka ba ki sani ba, yarinya ce ke. Sai na yi tunani."

Na ce haƙƙinta ne. Ta miƙe, ta sake turo yarinyar gabana.

"Tofin ba naki ba ne, na Allah ne. In kina da lafiya ki yi mata. In ba ki da lafiya ki faɗi. Abin da anka nema gare ki ke nan tun farko."

Ina da lafiya. Na duƙa na karanta, na hura a goshin Kulu ƙarama. Ta runtse ido kamar yadda nake yi ina yarinya.

Da suka tafi na shiga wurin mahaifina na gaya masa na kai saƙon, kuma zan rubuta. Ya tsufa yanzu. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya tambaye ni ko sun yafe mata. Na ce sun yafe. Ya rufe fuska da rawaninsa. Bai ce in rubuta ba, bai kuma hana ni ba.

Me ya rage na Goggo Kulu? Allunanta suna nan a jingine, tawadar ta dushe. Akwai mata a rugage da ƙauyuka da suke salla da Fatihar da ta gyara musu, suna koya wa jikokinsu ba tare da sun san ta inda ta biyo ba. Akwai yarinya 'yar shekara biyar mai sunanta. Akwai kaburbura huɗu a bayan Kebbe, su ma nata ne, ba zan ƙara ɓoye su ba, domin ita ba ta nemi a ɓoye ba. Mu ne muka ga sunanta ya fi gaskiyarta daraja. Ita tana kan gargarar mutuwa, ba numfashinta take nema ba, gafarar talakawan da babu wanda ya ƙirga take nema. Wannan ne na fi so a tuna ta da shi, fiye da tofin.

Man shanun bana ban rabar ba. Na narka shi da kaina, ƙanshinsa ya cika ɗakin, ya fita har tsakar gida, irin ƙanshin da aka hana ta ji a kwanakinta na ƙarshe. Na zuba a tuwo na ci. Na wanke ƙwaryar na kife ta a bakin ƙofa, inda Fulani suke ajiye nasu a da. Dudu takan karɓi ta bara idan ta kawo sabuwa. Ban sani ba ko baɗi za ta zo ɗauka.

Allah ya jiƙan Goggo Kulu, da Nenne, da Arɗo, da sauran biyun da ko sunayensu ban tambaya ba a lokacin. Ya sa ta ji cewa saƙon ya isa. Ƙofar ɗakin kuwa, tun ranar da na sauke saƙon ban ƙara rufe ta ba.